A Raba Lofe da Ƙahon Albarushi

A Amurka akwai wata jama'a da kan bar gidajensu masu lantarki da famfo sau ɗaya ko sau biyu a shekara, su tafi jeji su kafa bukkokin zane, su sa rigunan fatar barewa, su rataya bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda mu muke kira adaka ko harba-ka-ruga. Wasu farauta ce ta gaske ke kai su. Wasu kuwa kwaikwayo suke yi na rayuwar mafarautan da suka ratsa duwatsun Roki shekara ɗari biyu da suka wuce. Hotunansu sun iso wayoyin samarinmu, kuma da yawa daga cikin hotunan za ka ga ɗan farin lofe na yumɓu a baki ko a soke a hula, ga curin taba murɗaɗɗe yana leƙowa daga zabira. Daga nan ne wata magana ta soma yawo a bakin wasu masu son gargajiya a wajenmu, wai shigar ɗan bindiga ba ta cika sai da lofe, wai mu ma ya kamata mu maido da shi cikin kayan mafarauta da na 'yan bindigar hawa, tun da Turawa ba su ji kunyar nasu ba. Mun ƙi wannan magana, kuma ba za mu yi kwana-kwana wajen faɗin dalili ba.

Bari mu fara ba su abin da yake nasu, don kada a ce mun danne tarihi. Gaskiya ne mafarautan Amurka na wancan zamani mashaya taba ne. Tsakanin 1825 da 1840 sukan haɗu kowace bazara a wata babbar kasuwar jeji, wadda wani ɗan kasuwa mai suna William Ashley ya soma, su kawo fatun wata dabbar ruwa da ake yi wa Turawa huluna da gashinta, su karɓi albarushi da darma da wuƙaƙe da giya da taba. Marubutan zamanin sun ambaci ɗan gidan lofe na fata mai siffar zuciya da sukan rataya a wuya. 'Yan kwale-kwalen da ke jigilar fatu a kogunan Kanada kuwa da lofe suke auna nisan tafiya: su yi tuƙi na wani lokaci, su huta su zuƙi lofe ɗaya, sai ka ji an ce tabki kaza tsawonsa lofe uku ne. Har battocin taba na ƙarfe ake sayar musu masu ɗan gilashi a marfi, wanda ke tattara hasken rana ya kunna taba ba tare da ƙyastu ba. Duk wannan ya tabbata.

A wajenmu ma lofe ba baƙo ba ne. Taba ta shigo ƙasashen Sudan ta yamma a ƙarshen ƙarni na 16, ta kuma bazu da saurin da ya sa malamai suka shiga muhawara a kanta tun farko, har Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu a 1607 yana halatta ta. Da Clapperton ya sauka Kano a 1824 ya tarar shan taba ya zama ruwan dare a tsakanin maza, ya ga ana tauna garinta da kanwa, ya ga maza da mata suna rina haƙora da furenta. Bindiga ita ma tana da tsohon zama. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. A Damagaram, Sarki Tanimun ya tara bindigogi ta hanyar Tarabulus a rabi na biyu na ƙarni na 19, har aka riƙa haɗa albarushi da ƙera igwa a cikin birnin. Saboda haka idan tambayar ita ce ko kakanninmu sun san lofe kuma sun san bindiga, amsar ita ce sun san su sarai.

To, sai me? Kakanninmu sun san rumbu kuma sun san murhu, amma ba mu ji wanda ya gina murhunsa a cikin rumbu ba. Tsufan abu biyu a ƙasa ɗaya bai zama hujjar a zuba su a burgami ɗaya ba. A nan ne masu kiran a maido da lofe suka yi tsallake, suka bar wani gibi a tsakiyar zancensu, suna fatan ba za a lura ba.

Mu duba abin da ke cikin ƙahon. Albarushi haɗin abu uku ne: wani gishiri mai ciyar da wuta, wanda shi ne kashi 75 cikin ɗari, sai gawayi kashi 15, sai farar wuta kashi 10. Abin da ya bambanta shi da busasshiyar ciyawa ko kananzir shi ne ba ya jiran iska kafin ya ci, domin abincin wutarsa yana cikin jikinsa. Ko an toshe shi a gora, ko an rufe shi a ƙaho, da zarar tartsatsi ɗaya ya same shi zai tashi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma toshewar ce ma ke mayar da cin wuta ya zama fashewa. Zafin da yake bukata kafin ya kama bai kai digiri 500 ba, alhali garwashin sigari a lokacin zuƙa yakan kai 800 zuwa 900. Ɗuri ɗaya na bindigar farauta bai fi giram biyar ko shida ba. Babban ƙaho yakan ɗauki kusan rabin kilo, wato ɗuri tamanin ko fiye, a rataye a kwiɓin mutum, daidai inda hanta da ƙoda suke. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar ɗuri ɗaya a filin hawa ya ninka ta sau tamanin a ransa, sa'an nan ya ɗora ta a kan haƙarƙarinsa.

Kuma albarushi ba ya zama a inda aka ajiye shi. Mai ɗuri ya san haka. Garinsa yakan maƙale a yatsu, ya shiga ƙarƙashin farce, ya zube a gaban riga, ya taru a gindin zabira, ya sauka a gemu. Bindiga mai ƙanƙara tana da ɗan kasko a gefe inda ake zuba albarushin kunnawa, kuma idan mutum ya ɗaga ta zai auna, kaskon nan bai fi taƙi ɗaya daga bakinsa ba. Yanzu a sa masa lofe a wannan bakin. Lofe kuma ya fi sigari ha'inci ta wata fuska. Sigari idan ta mutu ana gani. Lofe kan ɓoye garwashinsa a ƙarƙashin toka, mai shi ya ɗauka ya mutu, ya kakkaɓe shi a tafin hannu ko ya jefa shi a zabira ɗaya da ma'aunin albarushi da tsumman ɗuri. Ba sai mutum ya zama wawa ba kafin haka ta same shi. Gajiya ta isa, ko surutun aboki, ko barewar da ta ɓullo ba zato.

Mutanen da suka rayu da albarushi a matsayin sana'a sun fi kowa tsoronsa. A jiragen ruwan yaƙi na Ingila, a zamanin da ake tafiya da iska, ɗakin albarushi yana can ƙasan jirgi. Ba a shiga da takalmi mai ƙusa, kayan aikin ciki na tagulla ne da itace don kada ƙarfe ya goga ƙarfe, fitila ma a wani ɗaki dabam ake ajiye ta, haskenta ya shigo ta gilashi. Shan taba an taƙaita shi a wuri guda kusa da madafa, abin da ya sa da yawa daga cikin matuƙa suka koma tauna ta. Waɗannan ba ragwaye ba ne, mutane ne da ke tsayawa gaban igwa. Amma ba su ɗauki haɗa wuta da albarushi a matsayin jarumtaka ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, Amurkawan da ake kafa mana hujja da su sun riga sun yanke wannan hukunci a gidansu. Babbar ƙungiyarsu ta masu bindigar ɗuri, wadda aka kafa a 1933 kuma take da filinta a wani ƙaramin gari mai suna Friendship a jihar Indiyana, ba ta yarda a sha taba a wurin ɗuri da harbi ba. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne kada ya kuskura ya zuba albarushi daga ƙaho kai tsaye zuwa bakin bindiga, sai ya auna a wani ɗan ma'auni dabam ya toshe ƙahon tukuna, domin wani lokaci garwashin harbin baya yana nan a maƙale a cikin bututu. Mutanen da ke tsoron garwashin da ba su gani ba, yaya za su yarda da wanda ke ci a bakin mutum? Samarinmu sun ga hoto, ba su ga doka ba, domin doka ba ta fitowa a hoto. Ganin kitse suke yi wa rogo.

Yanayinmu kuma ya fi nasu haɗari nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Ɗan Amurka yana harbi a fili mai iyaka, da jami'i mai lura, da bindigar da masana'anta ta ƙera, da albarushin kanti mai awo. Ɗan bindigarmu yana tsaye a tsakiyar hawan sallah ko bikin naɗin sarauta, kafaɗa da kafaɗa da 'yan uwansa, dawaki a bayansa, yara a gabansa suna rububin ganin hayaƙi. Bindigarsa sau da yawa maƙerin gari ne ya haɗa ta da bututun da ba don harbi aka yi shi ba. Albarushinsa na gida ne, yau ya yi ƙarfi gobe ya yi sanyi, a gora ko a robar da aka sha lemo. Ɗurin kuma da gangan ake cika shi, saboda abin da ake nema shi ne ƙarar da za ta girgiza ƙofar fada, a ce ta wane ta fi ta wane. Labarin bindigar da ta fashe ta tafi da yatsun mai ita ba baƙo ba ne a kunnen duk wanda ya tashi a garin sarauta. A kan wannan tulin haɗari ne ake so a ƙara garwashi, a kuma kira shi ado.

Gaskiyar magana ma, wutar ta riga ta shiga sahu ta bayan gida. Ba lofe muke gani ba, sigari ce, a maƙale a leɓe ko a bayan kunne, ga ashana a aljihu ɗaya da abin kunna bindiga. Masu kiran a maido da lofe suna cewa ai gara lofen, ya fi kama da namu. Wannan daidai yake da a tarar da gobara a ɗaki a tsaya gardama a kan ko da itacen ƙirya ta tashi ko da na marke.

Akwai amsar da muka san za a ba mu, domin ita ake bayarwa kullum: ai muna da magani. An sha, an yi wanka, an ɗaura, albarushi ya san nasa. Ba mu zo nan don mu yi wa kowa izgili a kan abin da ya gada ba, kuma mun san mafarauta suna da sanin itatuwa da saiwoyi da ɗabi'ar namun daji wanda ba a samu a makaranta. Amma za mu yi tambaya ɗaya. In mun yarda, don a zauna lafiya, cewa maganin yana tsare mai shi, wa ya ba yaron da ke tsaye a gefensa? Wa ya ba dokin da zai firgita ya afka cikin mata? Wa ya ba mai tallar ruwa da ta ratso sahu? Fashewar ƙaho ba ta tambayar wanda ya sha da wanda bai sha ba. Mutum yana da ikon ya gwada laƙaninsa a kan fatarsa, a bayan gari, shi kaɗai. A tsakiyar taro kuwa da jikin wasu yake caca. Sai kuma a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ba mu taɓa ganin wanda ya faɗi haka sa'an nan ya bar jaririnsa a bakin rijiya ba.

A fagen farauta ma lissafin bai fita ba. Maharbin ƙwarai da iska yake aiki. Yakan ɗebi ƙura ko toka ya saki don ya ga inda take kaɗawa, ya zagaya ta inda warinsa ba zai riga shi isa ba, domin adaka ba ta da nisan zango kuma harbi ɗaya gare ta, in ka kuskure sai ka tsaya sabon ɗuri naman yana can yana ba da ƙafa. A Amurka akwai masu cewa hayaƙin taba ba ya korar barewa, wasu ma su ce yana nuna musu hanyar iska. Su je su yi ta gardamarsu. Ko da an ba su gaskiya a kan hancin barewa, ba a ba su a kan ciyawa ba, kuma ciyawar ce damuwarmu. A jihar Fensilbaniya, lokacin farauta da bindiga mai ƙanƙara yana zuwa ne bayan Kirsimati, cikin tsananin sanyi, sau da yawa ƙasa a lulluɓe da dusar ƙanƙara. Farautarmu ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da hunturu ya busar da komai har ciyawa tana karyewa a ƙarƙashin ƙafa. Duk wanda ya san arewacin Damagaram ko Tawa ko Dakwaro ya san abin da gobarar daji ke yi wa makiyaya: ciyawar da za ta riƙe garke har faɗuwar damina ta tafi a yini ɗaya, shi ya sa ake fita share layukan tsare wuta da zarar ruwa ya ɗauke. Tokar lofe ɗaya da aka kakkaɓe a gindin sabara ta isa. Amurkawan da kansu, a dazuzzukan gwamnati na yammacin ƙasarsu, idan fari ya yi tsanani sukan hana shan taba sai a cikin mota ko gini ko wurin da aka share ƙasa ƙal.

Yanzu mu zo kan kalmar da ake fakewa da ita, wato cika kama. Wai in za a kwaikwayi jiya, a kwaikwaye ta duka. Babu wanda ke yin haka, a can ko a nan. Ɗan Amurkan da ke sanye da fatar barewa da mota ya zo, tana can a ɓoye bayan itatuwa. Tabaransa na likita ne, maganin hawan jininsa yana cikin zabirar fata, akwatin ƙanƙararsa an lulluɓe shi da bargo don kada ya ɓata hoto. A shekarar 1837, tsakiyar zamanin da suke ɗoki, cutar agana ta bi wani jirgin ruwa ta haura kogin Misuri ta kusa shafe al'ummar Mandan daga doron ƙasa. Ba mu ji wanda ya ce sai an kawo agana kafin kwaikwayo ya cika ba. Mu ma haka. Mahayin da ya sha lifidi da kwalkwali yana da waya a aljihu, kuma ba wanda ya nemi a maido da kamen bayi don hawa ya yi kama da na zamanin Tanimun. Kowane mai raya tarihi zaɓe yake yi, ya ɗauki wannan ya bar wancan. Tun da zaɓe ne, wanda ya zaɓi lofe ya faɗi dalilinsa na yau, ya daina tura kakanni gaba su amsa masa.

Kuma in tarihin ake so da gaske, tabar nan tana da wani tarihi da ya shafe mu fiye da yadda masu ɗokinta suka sani. Curin taba murɗaɗɗe da kamfanin Hudson's Bay ya daɗe yana kai wa mafarautan arewacin Amurka daga Birazil yake fitowa, ya bi ta Lisbon. Yankin Bahiya ne ke noma ta. Mai kyau ita ake kaiwa Turai. Ta ƙarshe, wadda doka ta hana a shigar da ita Fotugal saboda rashin inganci, sai a shafe ta da ruwan rake mai kauri don kada ta bushe, a naɗe ta a fata, a yi lodinta zuwa gaɓar tekunmu. A Wida da Badagiri da Ikko wannan tabar ta zama kuɗi, kuma abin da ake saye da ita mutane ne. 'Yan Holan da ke riƙe da ganuwar Elmina har ushiri suke karɓa, curi ɗaya cikin goma, kafin su bar jirgi ya wuce. Masanin nan ɗan Faransa, Pierre Verger, ya bi diddigin wannan ciniki a babban littafinsa na 1968. Da yaƙe-yaƙe suka kankama a ƙasar Hausa daga 1804, kamammu da yawa aka gangara da su kudu ta ƙasar Yarbawa, aka musanya su da irin wannan curi. Sun yi yawa a Bahiya har hukumomi suka san sunan Hausawa da tsoro: an bankaɗo shirin tawayensu a 1807, sun tashi a 1809, sun sake tashi a 1814, kuma akwai su a cikin babban tawayen Musulmi na Janairun 1835. Ita kanta adaka, sunan da Turawan Ingila suka laƙaba mata na 'yan Denmak ne, waɗanda ke da ganuwa a Osu ta Ankara har 1850, kuma bindiga da albarushi suna cikin manyan kayan da ake saukewa a wannan gaɓa don a ɗauki mutum.

Ba muna cewa duk tabar da aka sha a ƙasar Hausa ta jini ba ce. Manomanmu sun noma tasu a fadamu tun da daɗewa. Abin da muke cewa shi ne, saurayin da ya ga curin taba a zabirar Ba'amurke ya ji sha'awa har yana neman irinsa, ya san cewa akwai zamanin da aka auna kakan wani da 'yan irin wannan curi. Bindigar mun riƙe ta, mun mayar da ita muryar murna a ƙofar sarki, kuma muna da hujjar riƙe ta, domin ba hawa ba ne in babu ita. Lofe bai da wannan matsayi. A cire shi, ba abin da ya ragu daga hawa ko farauta.

Kada kuma a manta kakannin da ake jingina da su ba su taɓa haɗa baki a kan taba ba. Ahmad Baba ya halatta, wasu malamai sun haramta. Daular Hamdallahi ta Masina ta hana ta a ƙarni na 19, Mahadi ya hana ta a Sudan har da bulala, kuma har gobe almajiran Tijjaniyya suna nisantar ta. Wanda ya ce lofe gadonmu ne, wani zai tashi ya ce ƙin lofe ma gadonmu ne, kuma duka biyun ba su yi ƙarya ba.

Maganar lafiya ba za mu tsawaita ta ba, kowa ya ji ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara, kuma lofe yana da nasa rabon a ciwon dajin leɓe da baki da maƙogwaro. Wanda zai ce to a koma taba gari da kanwa tun da ita ba ta da wuta, mun yarda ba za ta tayar da ƙaho ba, amma dasashi da harshe ne ke biyan kuɗin, don haka ba za mu yi mata talla ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne idon yara. Ba wanda yaro ke kallo ranar hawa kamar ɗan bindiga. Sarki yana nesa, a ƙarƙashin laima. Ɗan bindiga yana kusa, da jar riga da layu da ƙara da hayaƙi, kuma washegari za ka ga yaran unguwa da karan dawa a kafaɗa suna kwaikwayon tafiyarsa. Kamfanonin taba sun kashe dukiya mai yawa a duniya don su haɗa hoton jarumi da hoton hayaƙi, har ƙasashe suka tashi suka hana su da doka. Abin kunya ne a ce mu ne za mu yi musu wannan aiki kyauta, da sunan al'ada, a gaban fada.

Wasu sun kawo sulhu: a rataya lofen kawai, ba taba, ba wuta, don ado. A Amurka akwai masu yin haka, kuma ba mu ce sun yi laifi ba. A wajenmu ba mu amince ba, domin mun san halinmu. Lofen da aka rataya da safe babu komai a cikinsa, kafin la'asar, bayan an sha rana an gaji, wani zai miƙo taba, wani ya miƙo ashana. Kuma mai lura da sahu ba zai iya bin mutum hamsin yana leƙa cikin lofensu ɗaya bayan ɗaya ba. Dokar da za ta yi aiki ita ce wadda ake iya gani daga nesa.

Wannan doka kuwa ba sai an jira gwamna ko majalisa ba. Kowace ƙungiyar 'yan bindiga tana da Sarkin Bindiga, kowace rundunar mafarauta tana da Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, kuma maganarsu tana da nauyin da takardar hukuma ba ta da shi. Su ne za su ce daga lokacin da aka buɗe albarushi har zuwa lokacin da aka juye bindigogi aka rufe shi, ba lofe, ba sigari, ba ashana a jikin duk wanda ke cikin sahu, kuma wanda aka kama ya ajiye bindigarsa a wannan hawan, ko ɗan wane ne. Su ne za su ce babban tulin albarushi ya zauna a hannun mutum ɗaya, dattijo marar shan taba, nesa da taro, kowa ya zo ya karɓi abin da zai ishe shi 'yan ɗuri kaɗan a cikin ƙullin da aka riga aka auna. In an tashi, an wanke hannu, an canza riga, baligin da ya ga dama ya koma zaurensa ya kunna abinsa, tsakaninsa ne da huhunsa da iyalinsa.

Tsofaffin lofunan da ke gidajenmu kuwa, na yumɓu da na tagulla da dogayen nan masu kara, kada a yar da su. Aikin hannun magina ne da maƙera, kuma da yawansu sun fi masu su daɗewa. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai da Gidan Makama a Kano irin wuraren da suka dace da su ke nan, tare da battocin taba da ƙyastu da zabirori. A rubuta a ƙarƙashin kowanne garin da aka yi shi, da wanda ya ƙera in an san shi, da hanyar da tabar da aka zuba a cikinsa ta biyo.